Inda Jinin Kaka Ya Kwana

Talata, daga shago

Rabin-likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan karatu bai cinye sauran naman da ke jikinki ba. Mu nan lafiya. Yatsana da kwamfresar firiji ta faɗo wa ya warke, farcen ne dai ya tafi. Tantabarun Kaka sun ƙaru da biyu, ta ce ɗaya mai kwaɗayi ce, don haka ta sa mata sunanki.

Wasiƙa na zaɓa don na san halinmu. In a waya ne, minti biyu mun yi faɗa, ki ce ban gane ba, in ce kin raina ni, lambobin kuma ba wanda ya kalle su. Direban motar kaya da ke bi ta garinku zai miƙa miki.

Littafin rubutunki na aji biyu, mai shuɗin bango, wanda kika bari a ƙarƙashin gadon Kaka, yana hannuna tun bara. Kada ki neme shi. Da rana idan rufin shagon ya ɗau zafi, firijoji shida suna gunji kowanne da muryarsa, sai in jingina da wanda ya fi sanyi in buɗe shi. Wani lokaci barci ya ɗan sace ni, in ga jini kamar kogi mai ɗumi, ƙwayoyinsa suna wucewa kamar ƙananan jirage, kowane jirgi da kayansa a rufe. In na farka sai in tarar da ƙarfen walda ya huce a hannuna. Rubutunki dai kamar kaza ta bi ta kan tawada, amma na haddace shafin ƙoda da na hanta. Ɗan kawunki da aka cire daga makaranta ya san mene ne kiriyatinin. Ki faɗa wa malamanku.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Alhamis malamin asibitin unguwa ya ɗebi jinin Kaka, gwajin da ake mata duk wata shida saboda ciwon sukari da hawan jini. Kin san asibitin ba shi da ɗakin gwaji, sai an kai birni. Ban yarda a ba wani ba. Ni na karɓi kwalbar, ni na kai da hannuna, na kuma kula da ita yadda babu mai iyawa a garin nan. Jiya da yamma na dawo da takarda. Ga ta na kwafa miki, harafi da harafi:

Ranar ɗiba, Litinin. Sodiyam 137. Fotasiyam 7.4. Sukari 2.9. Yuriya 7.6. Kiriyatinin 104.

An zagaye fotasiyam da jan biro har sau biyu. Littafinki ya ce bai kamata ya wuce biyar ba, ya ce daga shida da rabi zuciya na iya tsayawa ba sallama. Malamin asibiti da ya gani sai da ya cire tabarau ya goge. Nan take ya ce a daina ba ta maganin sukari tunda sukarin ya faɗi, a daina na hawan jini tunda yana tara fotasiyam, ya kuma rubuta takardar tura ta babban asibiti, wai ƙila sai an yi wankin ƙoda. Na tambaye shi yadda mai fotasiyam bakwai take share tsakar gida tana zagin tantabaru. Ya ce ba ni na yi karatun ba. Na faɗa masa abin da na faɗa masa. Har masu jiran layi suka tashi rabo.

Kaka ta ce ba inda za ta. Ta ce babban asibitin nan ƙofar shiga ce kawai gare shi, ta raka mutum uku ciki, ba wanda ta rako waje. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, in an zo ɗaukata ka ce ba ka ba da izini ba." Baffa kuwa, wanda ke kike ce wa Kawu, ya bugo ya ce aiki ya riƙe shi amma Asabar ta ƙarshen wata zai zo da mota, ko tana so ko ba ta so. Ya dame ni da kira har na kashe wayar na jefa a akwatin sufana.

To ke da aka kashe wa kuɗin karatun likita shekara huɗu, karanta mini lambobin nan. Kaka mutuwa za ta yi ko kuwa? Kada ki yi mini zagaye irin na likitoci.

Ɗan kawunki,
Sarkin Ƙanƙara

*

Alhamis

Ƙanƙara,

Na gaishe ka, a gaishe da Kaka. Lafiyata ƙalau. Direba na tsaye a ƙofa yana danna hon, gobe kuma jarrabawa, don haka a gurguje.

A ina jinin ya kwana? Ka ce Alhamis aka ɗiba, takarda ta ce Litinin. A ina ka ajiye shi, kwana nawa, cikin me?

Kada a jira Kawu. A sake ɗiba yau ɗin nan, a gwada da wuri, in da hali a yi hoton bugun zuciya. Ka kunna wayarka.

'Yar goggonka

*

Asabar, daga shago

Likita,

Tunda yanzu kin cika, na daina ce miki rabi. Muna lafiya. Kaka na gaishe ki, ita ba ta ga abin da kika rubuto ba.

Na aiko miki shafi uku, kin aiko mini layi biyar, bayan gaisuwa kuma sai tuhuma. A ina jinin ya kwana. Na karanta shi a tsaye, na karanta a zaune, ban ga ya canza ba. Tambayar nan na san ta tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ranar da Baba ya rasu aka rasa makullin shago, ni aka tambaya a ina na ajiye. Duk abin da ya ɓace a dangin nan, ni ake juyowa a kalla. Ke in kin yi kuskure sai a ce karatu ya yi miki yawa. Ni in na yi daidai sai a ce sa'a ce. Na tambaye ki ko Kaka za ta mutu, kin amsa mini da binciken aljihuna.

Kin ce a sake ɗiba. Je ki faɗa wa malamin asibitin unguwa. Tun ranar nan in ya hango ni sai ya juya baya, ni ma ban taka ƙofarsa ba. Ya aiko a ce mana can babban asibiti za su sake komai. Kaka kuma ta ce an ɗebi na ɗiba.

Bari in gaya miki yadda take, ko da yake ba ki tambaya ba. Kwana uku ke nan tana shan ruwa kamar rairayi. Butar da ke gefen gadonta sau biyar nake cika ta kafin la'asar. Tana yawan zagayawa. Na duba shafin ƙoda, na ce ga shi ya fara. Da rana tana kwanciya a kan tabarma ta bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta ramin labule ya sauka a kan ƙafarta. Ba barci take ba, ba kuma a farke take ba. Jiya ta ce mini ta ga ɗakin ya cika da ruwa mai haske har saman akwati, kwanuka suna yawo a kai a hankali, tantabaru suna iyo a ciki da fukafukai a buɗe, ita kuma tana ta sha ruwan bai ragu ba, ƙishin ma bai ragu ba. Tana faɗa tana murmushi. Na zauna a gefenta ina yi mata fifita, har ni ma na fara ganin bangon yana motsi kamar ƙasan kogi. Ban so in tashi ba. Na ce in haka tafiyar take, aƙalla a ɗakinta ne.

Tunda kin matsa, ga amsarki, don ki ji kunya. Ranar Alhamis motar birni ta tashi kafin in iso, domin wani mai sayar da lemo ya tare ni, firijinsa ya tsaya, kayansa za su lalace. Kwalbar tana aljihun rigata har magariba, ban bari ko rana ta gan ta ba. Juma'a ba mota, Asabar da Lahadi ɗakin gwajin a rufe. Wani da sai ya bar ta a kan taga. Ni na sa ta a firijin da ya fi kowanne a shagon nan, wanda na canza wa roba da kwamfresa da hannuna, na saita shi a digiri huɗu cif, na jingina ta a tsaye cikin kofi, na hana kowa buɗewa. Da wuta ta ɗauke na tada janareta saboda kwalba ɗaya. Litinin na sa ta a cikin kula mai ƙanƙara na kai. Ko nono aka ajiye haka, zai fito kamar yanzu aka tatso.

Can jinin ya kwana. Sai ki nemi wani abin tuhumar.

Mai gyaran firiji

*

Lahadi, bayan kwana takwas

'Yar goggo,

Gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, tunda ba ki ga damar faɗa ba.

Direba bai zo wannan makon ba, ko kuma ya zo ba ki ba shi komai ba ya ji kunyar tsayawa. Na fi yarda da na biyun. Wannan ta hannun wani fasinja na aiko.

Kaka ta rame. Zoben hannunta ya faɗo cikin kwanon wanke hannu ba ta sani ba. Ta ce tantabarun sun zama hayaƙi-hayaƙi, ba ta bambance fara da mai toka sai sun yi kuka. Ta daina sharar tsakar gida. Ni nake yi, ba ta ko gyara mini.

Na rufe littafinki na sa a saman firiji. Duk shafin da na buɗe sai in ga Kaka a ciki. Saura kwana shida Baffa ya zo. Da ina cewa sai dai ya bi ta kaina. Yanzu ban sani ba. Wataƙila ni ne zan ɗauke ta in sa a motar.

In fushi kike, ki yi da ni. Ita ba ta rubuta miki komai ba.

Ni ne

*

Talata

Yayana,

Ka ga yau ban tsokane ka ba. Lafiyata ƙalau, jarrabawa ta wuce. Motar direba ta lalace a hanya kwana tara, wasiƙarka ta fushi tana cikin aljihun ƙofarsa. Yau da safe ta iso tare da ta fasinja. Na kira wayarka ya fi sau talatin. Na kira Kawu, ya ce ma'aikaci ya riga ya yi magana, ɗaliba ta yi shiru. Wannan na biya wa kujera a motar yamma kamar mutum, don ta same ka gobe.

Ka karanta sakin layin nan kafin komai. Ƙishin Kaka, da yawan fitsari, da rama, da hazon ido, sun fi kama da sukari da ya hau, ba ƙoda ba. Mako biyu ke nan ba ta shan magani. Ka kai ta asibitin unguwa da zarar ka gama karantawa, a soki yatsa a auna. Kada ka jira la'asar.

Yanzu tambayata. Ba tuhuma ba ce. Ita ce tambayar farko da aka koya mana mu yi duk lokacin da lamba ta yi faɗa da mutumin da ke gabanmu. Ai kai ka fara yin ta, ba ni ba, ranar da ka tambayi malamin yadda mai fotasiyam bakwai take share tsakar gida. Ka duba kiriyatinin ɗinta. Ya ɗan haura kaɗan, irin na tsufa. Ƙodar da ta gaza har fotasiyam ya kai nan, da wuya ta bar shi a 104.

Jinin da ke cikin kwalba ba nono ba ne, Yaya. Yana da rai. Jiragen nan da kake gani a mafarkinka, kayan da suke ɗauke da shi a rufe fotasiyam ne. Abin da ke cikin ƙwayar jini ya ninka na ruwan da ke wajenta fiye da sau ashirin, gwaji kuma na ruwan waje yake aunawa. Ƙwayar kullum tana ɗan yoyo, kamar firiji mai tsohuwar roba, amma a jikin bangonta akwai ƙananan famfuna da ke mayar da abin da ya fita, ba dare ba rana, kamar yadda kwamfresa ke korar zafi. Famfunan nan ɗumi suke so. A digiri huɗu sai su yi sanyi su kusa tsayawa, yoyon kuwa bai tsaya ba. Kwana huɗu yana zuba cikin ruwan. Ba sai ƙwayoyin sun fashe ba, shi ya sa mai gwaji bai ga ruwan ya yi ja ya yi shakka ba.

Sukarin kuma su suka cinye shi. Daga safe zuwa magariba a aljihunka, cikin ɗumin jikinka, suna raye suna jin yunwa, abincinsu kaɗai shi ne sukarin da ke kwalbar. Akwai kwalba mai murfi ruwan toka da ke hana su ci. Ina zaton ta ƙare musu, aka zuba duka a mai jan murfi. Ka'ida ita ce a juya jini a inji cikin awa biyu, a raba ruwan da ƙwayoyin, sannan a sanyaya ruwan shi kaɗai.

Ban gan ta ba, kuma ni ɗaliba ce, zan iya yin kuskure. Sai an sake gwaji za a tabbatar. Amma ba za a sake yadda ya kamata ba sai ka gaya wa malamin nan duk abin da ka gaya mini. Na san abin da hakan zai ci maka.

Ka ce ni in na yi kuskure ana rufa mini. A aji biyu aka ba mu irin wannan takardar a gaban mutum sittin, na miƙe da ƙarfina na ce a fara wankin ƙoda. Malamar ta ce in je in wanke wa kwalbar ƙoda tunda ita ce mara lafiya. Wata guda ana kirana da wannan. Darasin yana littafina da ke hannunka, shafi na arba'in da ɗaya, inda shayi ya zube.

Ba wanda zai tada janareta saboda kwalba ɗaya sai kai. Tashi ka tafi.

Ƙanwarka

*

Litinin, daga shago

Rabin-likita,

Na mayar miki da rabin, don kada kanki ya kumbura. Gaisuwa mai yawa. Kaka tana ɗakinta. Na fara da wannan don kada ki tsallake layi kina nema.

Laraba da hantsi wasiƙarki ta iso. Na karanta a tsaye gaban firijin nan. Yana ta gunjinsa a hankali, mai tsabta, digiri huɗu cif, kamar bai yi komai ba. Na sauko da littafin na buɗe shafi na arba'in da ɗaya. Shafukan biyu sun manne da shayinki, ni kuma ban taɓa damuwa in raba su ba, tunda kan shafin ya ce kula da samfuri kafin gwaji. Na ɗauka aikin masinja ne. Ni cututtuka nake karantawa, manyan abubuwa. Na sa reza na raba. Ga shi da rubutun kazarki, an ja layi uku a ƙasa: kada a sa jinin da ba a raba ba a firiji. Shekara guda ina jingina da firiji da wannan layin a cinyata.

Na goya Kaka har bakin titi, ba ta fi kwamfresa biyu nauyi ba. Malamin asibiti yana ganina ya ɗaure fuska. Layin da ya raba mu faɗa rannan, kusan mutanen ne dai a zaune. Na so in ja shi gefe, ya ce in faɗa a nan tunda a nan na saba magana. Sai na faɗa a nan. Aljihu, firiji, janareta, ƙanƙara, har da yadda mai karɓa a birni ta tambaye ni ranar ɗiba na ce ta rubuta yau, don a ganina jinin sabo ne fil. Na jira ya rama. Sai ya ce shi ma ya ga Litinin a takardar, ya san kuma Alhamis ya ɗiba da hannunsa, amma jan biron ya ɗauke masa ido. Ya ce kwalba mai ruwan toka ta ƙare tun watan jiya. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya soki yatsanta. Sukari ashirin da uku. Ya rataya mata ruwa. Ya ɗebi sabon jini ya ba ni, ya kalli agogo ya rubuta lokacin a jikin kwalbar da manyan baƙaƙe, ya ce in ya wuce awa biyu kada in dawo masa. Na ɗauki babur ɗin maƙwabci. Ban tsaya wa kowa ba, mutum biyu sun ɗaga mini hannu a kan firijinsu. Awa ɗaya da minti arba'in. Na tsaya a tagar ɗakin gwajin har sai da na ga an sa ta a inji. Na kunna wayata, da na zaro daga akwatin sufana, a karon farko, kiranki talatin da huɗu suka shigo a jere, na bi ta kansu na kira malamin na karanta masa. Fotasiyam 4.6. Kiriyatinin ya ɗan ƙaru, ya ce rashin ruwa ne a jiki, za a sake dubawa. Daga nan ya fara mata allurar sukari. Kwana biyu ta yi a gadon asibitin unguwa, inda take hango rufin gidanmu ta taga, Juma'a da yamma muka koma.

Asabar Baffa ya iso da mota, har da katifa a baya. Na tare shi a ƙofa da takardu biyu. Na yi masa bayani, ban rage komai ba. Ya ce wato mako biyu uwarsa tana narkewa saboda ni da firijina. Na ce e. Ya shiga ya zauna da ita awa guda, ya fito ya sauke katifar ya ce a shimfiɗa mata, ya tafi bai yi mini sallama ba. Har yau bai ɗauki wayata ba. Yana da gaskiya, kuma haushin hakan nake ji.

Ba komai ne ya dawo ba. Idonta har yanzu da hazo, malamin ya ce a ba shi makonni, wataƙila ya washe duka, wataƙila a'a. Zoben na ɗaura mata da zare a wuya kafin yatsan ya cika.

Na faɗa mata da bakina. Ta sa na maimaita wurin famfunan sau biyu. Sai ta tambaya ko 'yan abubuwan nan suna da rai lokacin da na rufe su. Na ce suna da shi. Ta kalli hasken da ke kan ƙafarta, ta ce, "Kwana huɗu a cikin sanyi, ba bargo, ba abinci. Ai dole su yi mini ƙarya. Maigidana, ni ko ruwan firijinka ban taɓa sha ba, sai ka kai jinina?" Ta yi dariya har da tari. Ni na fita na ba tantabaru hatsi, na daɗe a can.

Saura labari ɗaya. Ranar da muke asibitin na hango wani abu a ƙarƙashin teburin allura, an ɗora masa kwalin safar hannu. Injin juya jini ne, ƙarami, ya shekara uku a mace. Na tambaya, malamin ya ce an rubuta a kawo mai gyara. Na ɗauko shi shago. Kafasita ce ta ƙone, da gawayin cikin injin da ya cinye. Abin da na cire daga tsohuwar fanka ya zauna daidai. Yau da safe muka gwada shi da jinin Kaka na bibiya. Minti goma yana kuka siriri, teburin na rawa kaɗan. Da ya tsaya malamin ya ɗaga kwalbar wajen taga. Ƙasa ja mai duhu, jiragen duk sun sauka sun kwanta da kayansu a rufe. Sama ruwa ne rawaya, garau, rana na ratsa shi, irin wanda Kaka ta ce ya cika ɗakinta. Na tsaya ina kallo har ya taɓa kafaɗata. Ya zuƙe ruwan saman ya zuba a wata kwalba, ya rubuta rana da lokaci, ya miƙo mini ya ce wannan kam in sa a firijina, babu wanda ya kai shi a garin nan.

Yana ciki yanzu, a cikin kofin nan dai, gobe da sassafe zan kai. Na buɗe na duba sau uku, ko da yake na san ba abin da zai same shi.

Ki aiko mini da littafin aji uku ta hannun direba. Ki duba shafukan da suka manne kafin ki ba shi. In kuma ba ki duba ba, ina da reza.

Ɗan kawunki,
Ƙanƙara